"Ban Yi Niyya Ba": Mahayi da Alhakin Sakaci

Ranar Salla a Garwa, bayan an sauko daga idi, jama'a sukan taru a ƙofar fadar Lamiɗo domin kallon hawa. Mahaya sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, su sako dawakai a guje, ƙura ta turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa. Da isowarsu gaban Lamiɗo sai su ja linzami gaba ɗaya, dawakai su turje, su kuwa su ɗaga hannu su yi jafi. Yara gudun ne yake burge su. Dattijon da ya san doki kuwa idonsa yana kan tsayuwar, gama ko wawa yana iya sa doki gudu, bulala da kaimi sun ishe shi. Tsayar da ingarma a daidai inda ake so, ba tare da an taka na dama ko an bangaje na hagu ba, shi ne aikin gwani.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin doki ba ne. A bisa sirdi aka kafa Adamawa, tun zamanin Modibbo Adama wanda ya zauna a Yola a 1841, da doki kuma lamiɗan Garwa da Rai Buba da Ngaundare suka riƙe ƙasashensu har zuwan Jamusawa da bindigoginsu a 1901. Yaƙi ya wuce, doki ya zama na ado da na sukuwa. Har yanzu a Garwa da Marwa akan yi tsere a lokutan bukukuwa.

Amma akwai waɗansu dawakai da mutanen Garwa suke bi kullum, ko da yake ba su taɓa jin haniniyarsu ba. Tun cikin shekarun 1990 kamfanin PMUC yake sayar da tikitin cacar sukuwa a biranen Kamaru, sukuwar kuwa a Faransa ake yin ta. Mai gyaran babur a bakin kasuwa yana iya lissafa sunayen filayen Longchamp da Chantilly da Deauville, ya kuma san wane mahayi ne yake tashe. Ba maganar caca ake yi a nan ba, ita ma tana da ranarta, gidajen da ta cinye kuma ba kaɗan ba ne. Abin lura shi ne wani abu da yakan faru jifa-jifa. Dawakai sun iso, mai tikiti ya fara murna, sai a ce a dakata, alƙalan fili suna bincike. Bayan 'yan mintoci a mai da na ɗaya na uku, ko a bar sakamako yadda yake amma a dakatar da mahayin. Mai tikiti ya yi tsaki ya ce Turawa sun yi maguɗi. Alhali kuwa abin da alƙalan nan suke aunawa a ɗakinsu tsohuwar tambaya ce wadda ta shafi kowa: mutumin da ya cuci ɗan'uwansa ba da niyya ba, yana da laifi ko ba shi da shi?

Hausa tana da kalmomi huɗu a kan wannan, ba kuwa ɗaya suke ba. Akwai tsautsayi, wanda ba hannun kowa a ciki. Akwai sakaci, wato mutum ya bar abin da ya kamata ya lura da shi. Akwai ganganci, wato ya ga hatsarin amma ya ce ko oho. Sa'an nan akwai abin da aka yi da gangan. Dokokin sukuwa na Ingila ma kusan haka suka kasa al'amarin. Idan doki ya tare wa wani hanya, alƙalai sukan duba ko abin ya faru ne duk da mahayin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ko ya faru saboda rashin lura da kuskuren awo, ko kuwa mahayin ya san abin da zai biyo baya amma ya ci gaba. Mataki na ƙarshe shi ne hawa mai hatsari, wanda yakan sa a soke nasarar dokin ɗungum. Mafi yawan shari'un da suke yi a kan mataki na biyu ne, wato sakaci, hukuncinsa kuwa dakatarwa ta 'yan kwanaki.

Domin a gane dalilin wannan tsanani, sai an san irin dawakin. Ba irin namu ba ne na Dongola da na Barbar. Wani iri ne da aka ƙago a Ingila domin gudu kaɗai, an kuma fara rubuta asalinsu a littafi tun 1791. Nauyin guda yakan kai kilo 500, gudunsa kamar kilomita 60 a sa'a, wato mita 16 ko 17 a cikin daƙiƙa guda. Mahayin, wanda da ƙyar ya wuce kilo 55, ba a zaune yake ba. A tsugune yake bisa gajerun likkafu, yatsun ƙafarsa ne suke ɗauke da shi. Dawakai goma sha biyar ko fiye sukan shiga kwana a cure, kowa yana neman gefen shinge domin nan ne hanya ta fi gajarta. Idan na gaba ya ratso kafin ya ba da tazara, ƙafafun gaba na dokin baya sukan harɗe da dugadugan na gaba. Sai dokin ya kife, waɗanda suke biye kuma ba su da wurin kaucewa. Saboda haka ne a Ostareliya aka ce kada mahayi ya ƙetara gaban wani sai ya wuce shi da tsawon doki biyu. Dukan dokar ta rataya a kan ƙaramin abu guda: waiwaye.

Akwai shari'ar da ba ta da wuya. Ranar 30 ga Satumba 2022, a filin Saint-Cloud kusa da Paris, Christophe Soumillon, ɗaya daga cikin manyan mahayan Faransa, ya sa gwiwar hannu ya ture wani matashin mahayi mai suna Rossa Ryan, ana cikin gudu. Ryan ya faɗo ƙasa ya yi ta birgima. Allah ya kiyaye, ya tashi da ƙafafunsa. Aka dakatar da Soumillon kwana 60, ya fito ya nemi gafara, bayan 'yan kwanaki kuma Aga Khan, wanda yake hawa wa dawakai, ya sallame shi. Ba wanda ya yi gardama, gama kowa ya ga gwiwar hannun a talabijin. Abu ɗaya ne ya kamata a riƙe daga nan: Ryan bai karye ba, amma ba a ce tun da ba rauni ba laifi.

Masu wuyar su ne waɗanda ba a ga gwiwar hannu a cikinsu. Ga biyu daga Ingila, sun kuwa zo da juna a karkace. A 1994, a filin Hexham, mahaya biyu, Adrian Maguire da Mick Fitzgerald, suka matso gefen shinge a kwana ba su bar wa dokin da yake tsakani wuri ba. Dokin ya kauce ya yar da mahayinsa, ya kuma kayar da na wani mai suna Peter Caldwell wanda yake baya. Caldwell ya ji mummunan rauni, aikinsa na hawa ya ƙare. Alƙalan fili suka ce sakaci ne, suka dakatar da mutanen biyu kwana uku-uku. Caldwell ya kai ƙara yana neman diyya, amma a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi ba shi. Dalilinta shi ne, kuskuren awo na ɗan lokaci a cikin zafin tsere abu ne da kowane mahayi ya san yana iya faruwa tun kafin ya taka likkafa.

Ta biyun ta faru ranar 31 ga Oktoba 2016 a filin Kempton. Freddy Tylicki yana cikin shekararsa mafi kyau; a farkon wannan wata ya ci wata babbar sukuwa a Chantilly. Ya shigar da goɗiyarsa tsakanin shinge da dokin Graham Gibbons. Gibbons ya matso, wurin ya rufe, goɗiyar ta harɗe ta faɗi, dawakai huɗu suka zube. Gibbons ya wuce ya ci tseren. Tylicki bai sāke taka ƙasa da ƙafarsa ba, daga ƙirji zuwa ƙasa ya shanye. A ranar, alƙalan fili suka duba hoto suka ce tsautsayi ne, ba su hukunta kowa ba. Shekara biyar bayan haka, a Disamba 2021, babbar kotu a Landan ta ce ba tsautsayi ba ne. Ta ce Gibbons ya sani, ko kuwa ya kamata ya sani, akwai mutum a gefensa, matsowar kuma ba ƙiftawar ido ɗaya ba ce, ta ɗauki daƙiƙoƙi waɗanda a cikinsu yana da damar ya saki hanya. Ta kira abin ganganci, ta ɗora masa alhaki.

To, a ta farko alƙalan fili sun ce laifi, kotu ta ce ba diyya. A ta biyu alƙalan fili sun ce ba laifi, kotu ta ce akwai. Mai karatu yana iya cewa, in masana da kyamarori ta ko'ina sun kāsa daidaita bakinsu, ashe maganar ba ta da tushe. Mahaya da yawa ma haka sukan ce, hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Sukan ce wanda yake zaune a inuwa yana mai da hoto baya sau goma ba shi da bakin yi wa wanda ya yanke shawara cikin rabin daƙiƙa shari'a. Sukan ce doki ba keke ba ne, yana da nasa ra'ayi, yakan karkata in ya gaji. Sukan ƙara da cewa mahayi mai yawan ba da hanya ba mai sāke ba shi doki, iyalinsa kuma ba ladabi za su ci ba. Duka gaskiya ne.

Duk da haka hujjar ta tsallake wani abu. An yarda ba a tunani a cikin rabin daƙiƙa. To, me yake aiki a lokacin? Hali ne, wanda aka gina tun da daɗewa. Mahayin da ya saba waiwaye kafin ya ratsa, wuyansa yakan juya da kansa ko bai umarce shi ba. Wanda ya saba ratsawa ya bar na baya ya san yadda zai yi, shi ma ba ya bukatar shawara, jikinsa ya riga ya koya. Sau ɗari yana yi ana kauce masa, har ya ɗauka gwaninta ce, alhali kuwa lurar waɗansu ce take rufa masa asiri. Ran da na baya ya kāsa kaucewa sai ya ce, "Ban gan shi ba." Mai yiwuwa ne bai gan shi ɗin ba. Amma rashin ganin ba daga sama ya faɗo ba. Shi ne ya zaɓi kada ya duba, ba a ranar kaɗai ba, tun a wurin kilisa da sassafe, shekara da shekaru. Niyyar cuta ba ta cikin zuciyarsa, wannan kuwa ya raba shi da mai ture mutum da gwiwar hannu. Abin da yake cikin zuciyar shi ne ƙaramin wurin da ya ba ran ɗan'uwansa in an gwada da wurin da ya ba nasara.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san wannan awo a Dokar Musa. A cikin Fitowa an bambanta mai san da ya soki mutum karo na fari da mai san da aka riga aka san yana suka, aka gargaɗe shi, bai ɗaure ba. Na farin ba shi da alhakin jini, na biyun yana da shi, ko da yake dukansu biyu ba wanda ya aiki san. A shari'ar Musulunci ma, wadda maƙwabta suke bi, kisan kuskure ba a yi masa ƙisasi, amma ba a share shi, akwai diyya. Ba inda aka yarda cewa "ban yi niyya ba" ta isa ta rufe magana. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kalma ce mai sanyaya zuciyar wanda abin ya sama. A bakin wanda ya jawo abin kuwa takan zama mafaka. Ɗan acaɓan da ya kutsa tsakanin motoci a hanyar gadar Binuwai ya kayar da mai goyo, shi ne yakan riga kowa faɗinta.

Daga nan ne ake ganin amfanin ƙananan hukuncin da mutane suke yi wa dariya. Mene ne dakatarwar kwana biyu ko huɗu a kan abin da bai kayar da kowa ba? Ai ratsawar da ta wuce lafiya ranar Talata, ita ce dai ta karya bayan mutum ranar Laraba. Aikin ɗaya ne, tazarar taƙi guda ce ta raba su, wannan taƙin kuwa ba mahayin ne ya auna shi ba. Idan sai an ga jini za a yi hukunci, to sa'a ake hukuntawa: marar sa'a ya sha, mai sa'a ya ci gaba da koyon mugun hali. Alƙalin da ya dakatar da mutum a kan ratsawar da ba ta cuci kowa ba, yana gyaran wuyan da ba ya juyawa tun bai yi ɓarna ba. Lester Piggott yana da shekara 18 sa'ad da ya ci babbar sukuwar Derby ta Ingila a 1954. Makonni kaɗan bayan haka, a Ascot, a kan doki ɗaya ɗin, ya kutsa inda ba wuri, aka ƙwace lasisinsa na watanni, aka kuma ce ya bar bargar mahaifinsa ya tafi ƙarƙashin wani. Mutane da yawa sun ce an tsananta wa yaro. Ya komo ya ci Derby har sau 9 a rayuwarsa, abin da ba wanda ya taɓa yi. Hukuncin bai rage masa ƙarfin zuciya ba.

Sai dai akwai gurbi a tsarin, ba kuwa ƙarami ba. A Ingila, da Faransa tun 2018, ba a ƙwace nasara daga dokin da ya tare hanya sai in an tabbata tarewar ce ta sa ya riga wanda ya tare. In dai shi ne zai ci ko ta yaya, nasara tana nan, mahayi kaɗai ake dakatarwa. Dalilin yana da kyau a ido: don me za a hana mafi gudu ladansa? Amma a duba lissafin da wannan yake koya wa mahayi a babbar rana. Ga kyauta mai yawa da suna na har abada a hannu ɗaya, ga hutun mako guda a ɗaya hannun. Mai doki ya karɓi kofi, mai horarwa ya karɓi rabonsa, wanda ya fi su duka rauni ya ɗauki laifin shi kaɗai. Amurka ta fi tsanani a nan. A sukuwar Kentucky Derby ta 2019 doki mai suna Maximum Security ya iso na ɗaya, amma ya riga ya karkata a kwanar ƙarshe ya tare waɗansu. Bayan bincike na fiye da minti 20 aka mai da shi na 17, aka ba Country House nasara, aka kuma dakatar da mahayinsa, Luis Saez, kwana 15. Ba a taɓa sauke wanda ya ci wannan sukuwa saboda laifin cikin fili ba sai ran nan. An yi ta ihu, masu caca sun yi hasarar dukiya mai yawa. Amma a ranar hukuncin ya kai har aljihun mai doki, wanda shi ne yake zaɓen mahayi, shi ne kuma yake raɗa masa abin da yake so kafin a tashi.

Wannan ne ya fi shafar filayen arewacin Kamaru. A nan doki na babban mutum ne, na sarauta ko na attajiri, gama ba kowa yake iya ciyar da shi ba. Wanda yake bisansa a tsere kuwa sau da yawa yaron barga ne, an zaɓe shi domin rashin nauyi, ba shi da lasisin da za a ƙwace, ba shi da wata ƙungiya da za ta ɗauki jinyarsa in ya karye. Abin da ya sani shi ne maigida yana kallo, abokan hamayyar maigida ma suna kallo, tukuici kuma yana ga wanda ya riga. Yaron da yake cikin wannan hali, in ya datse hanyar ɗan'uwansa a kwana, ba a ce ba shi da laifi, gama wuyansa nasa ne, yana iya juya shi. Amma rabon laifin da ya hau kan wanda ya ce masa "kada ka komo mini na biyu" ya fi nasa. Alƙalin fili kuma, in har zai yi aikinsa, dole ya iya cewa dokin wane ya tare hanya, alhali gobe zai je gaisuwa a zauren wane ɗin. Kyamara ba ta magance wannan. A Kempton akwai kyamara ta gaba da ta gefe, duk da haka sai da aka shekara biyar kafin a kira abin da sunansa.

A wurin jafi ba a bukatar takarda. Mahayin da ya karkata daga layinsa ya bangaje na kusa da shi a gaban Lamiɗo, ko da ba wanda ya faɗi, ya san abin da zai tarar in an sauka. Ba za a tambaye shi ko ya yi niyya ba. Shamaki zai tambaye shi ina idonsa yake, mai yiwuwa kuma hawa na gaba a ƙasa zai kalle shi, yana riƙe wa wani ragama.